Ranar da Na Sa Mota Gaban Shanun Yaya

Duk tuƙin da na yi kafin shekarar da abin ya faru a kan kwalta na yi shi. Daga gidana a Katsina zuwa ofis, daga ofis zuwa gida, in wata ya ƙare in miƙe hanyar Jibiya in je gaida Inna. Inda kwalta ta ƙare nan nake ajiye 'yar motata a gindin wata bishiyar bedi, in hau babur ya ƙarasa da ni ƙauyenmu a can wajen Daddara. Amma da wani ya tambaye ni a lokacin ko na san yashi, da na yi masa dariya na ce ai a cikinsa aka binne cibiyata. Cibiyar ce kawai a can. Tun ina yaro aka kai ni makarantar kwana, wanda ya zauna ya san yashin shi ne yayana.

Shekara tara ya ba ni. Da Baba ya rasu ina tsakiyar karatu, shi ya riƙe gona da gida, shi ya riƙa aiko mini da ƙuli-ƙuli da sabulu a makaranta. Bai taɓa zama a aji ba. Da can Auta yake ce mini, amma tun ranar da na sami aikin gwamnati ya koma kirana Malam, kuma ba da zolaya ba. Na so in hana shi, sai na ji sunan yana yi mini daɗi, na bar shi.

Yaya yana da shanun huɗa biyu, fari da ja. Tun suna 'yan maruƙa ya same su, shi ya hore su da hannunsa har suka san muryarsa fiye da yadda 'ya'yansa suka san ta. Da damina su yi huɗa a gonarmu da gonakin mutane, da kaka su ja amalanke su kwaso amfani, da rani su ɗebo wa masu gini yashi da ruwa. A wuyan shanun nan gidanmu yake ci, har da Inna. Shekarun da ɓarayin daji suka matsa wa yankinmu garke-garke suka ƙare, shi bai rasa nasa ba. Ya fasa bangon ɗaki ɗaya a tsakiyar gida ya mayar da shi turke, in kuma labari ya yi zafi sai ya kora su a ƙafa ya tsallaka da su Nijar wurin wani kawunmu, sai ƙura ta lafa ya dawo da su. Matarsa takan tsokane shi, wai da za a ce ya zaɓa tsakanin shanun da mutanen gida sai ya nemi a ba shi kwana biyu ya yi tunani.

Da na ɗan sami sarari sai na ce zan sayi motar da za ta iya shiga gona. Abin da na faɗa wa mutane shi ne ina so in rage wa Yaya wahala, ta riƙa kwaso amfani da kaka, in kuma wani ya kafe a gulbi in fito da shi. Ban yi ƙarya ba, amma ban faɗi sauran ba. Na gaji da shiga ƙauye a bayan babur da ledar burodi a hannu. So nake ranar da zan shigo a ce ga abin da karatu ya kawo.

Aka haɗa ni da wani bakanike a Magama, dab da boda. Mutumin Maraɗi ne, siriri, ba ya ɗaga murya. A shekarun da aka rufe boda, motocin da ke bin hanyar daji su ratsa gulbi duk a hannunsa suke warkewa, don haka ba abin da bai gani ba game da yashi. Motoci biyu na sayarwa ya nuna mini a bayan garejinsa. Ɗaya tsohuwar a-kori-kura ce, fenti ya gudu, ƙofar direba da waya ake ɗaure ta, amma tayoyinta faffaɗa ne. Ɗayar kuwa baƙa ce, ƙatuwa, mai baƙin gilashi da na'urar sanyi, irin wadda in ta tsaya a ƙofar gida maƙwabta ke leƙowa.

"Malam, gari za ka da ita ko daji?" ya tambaye ni.

"Daji," na ce. "Gona, da jan kaya."

Ya bugi bodin tsohuwar da tafin hannu. "To wagga za ka ɗauka. Ba ta da nauyi, bisa yashi taka bi ta wuce. Waccan kat-kat ta, ƙahwahunta huɗu duk suna ja, ban musa ba. Amma nauyi gare ta, kuma tayunta na kwalta na. In ta sami wurin da ad da danshi ƙasa, ramin kanta za ta gina."

Na ce masa ai ƙarfi nake nema. Ya ce ƙarfi yana da kyau in akwai ƙasar da za a taka a yi shi. Na yi masa irin murmushin da nake yi wa masinja in ya kawo shawara a ofis. A raina na riga na ga kaina a cikin baƙar, na kuma yanke cewa so yake ya sauke ruɓaɓɓiyar a kaina don ya ga ɗan birni.

Da muka gama ciniki ya ɗauko wata igiya mai kauri ta nailan, duk ta yi baƙi da mai, ya ce in haɗa da ita kyauta. Ni kuwa idona yana kan wata sabuwar sarƙa da ke rataye a bango, kowane zobe ya kai kaurin yatsana.

"Igiya tana miƙewa," ya ce. "In ka ja, tana ba abu lokaci shi taso. Sarƙa ba ta jira, hizga kawai taka yi. Kuma kahin ka shiga yashi ka rage iskar taya, sai ta baje."

"Na sani," na ce, alhali ban sani ba. Na ɗauki sarƙar, ya mayar da igiyarsa kan ƙusa.

Ranar da na shiga ƙauye da baƙar motar abin ya yi yadda na so. Mata suka leƙo ta kan darni, maza suka taso daga majalisa, Inna ta fito ta dafa ta ta yi addu'a. Yaya ya zagaya ta sau biyu hannayensa a baya. Ya daɗe yana kallon tayoyin, har ya danna ɗaya da babban yatsa. "Ta yi kyau, Malam. Allah shi tsare." Iyakar abin da ya ce ke nan, ni kuma ban tambaye shi abin da ya gani ba.

Na koma da ita Katsina na yi mako uku ina zuwa ofis a cikinta, sarƙa tana ƙara a baya duk inda na taka rami. Matata ta ce ita dai ba ta taɓa ganin motar gona da ake wankewa kullum ba. Ni kuwa ko'ina na bi ina duba gefen hanya ko zan ga wanda ya kafe, amma a kan kwalta ba wanda ke kafewa.

Sai aka shiga yankan gero. Babbar gonarmu tana tsallaken gulbi, kuma gulbinmu da kaka mayaudari ne. Ruwa ya janye, sama ta bushe ta yi fari, amma in ka tona kamu ɗaya sai ka iske yashi jiƙe sharkaf, wani wurin ma har motsi yake yi. Masu amalanke sun san inda ake bi. Sannan kowa yana so ya baro gona kafin la'asar ta yi sanyi, don a shekarun nan ba wanda ke son yamma ta same shi a daji.

Ranar Asabar na zo. Aka ce mini Yaya yana gona tun safe, sawu na uku ke nan zai kwaso, kuma shi ne na ƙarshe. Na tuƙa zuwa bakin gulbi don in tarye shi, daga kan gaɓa na hango su a tsakiya. Ya yi lodi fiye da yadda ya saba don kada ya sake komawa, amalanken ya ɗan kauce wa sawun da ake bi, tayoyinsa biyu suka nutse har ƙarfen da ya haɗa su. Shanun suna tsaye suna haki. Maƙwabcinmu yana wurin, dattijo ne sa'an Baba, da wasu mutum biyar da ke dawowa daga gonakinsu. Gaskiyar magana, da na gan su a kafe daɗi na ji.

Na sauka a ƙafa na iske sun riga sun yanke shawara. Za a sauke rabin dammunan a kai su gaɓa a ka, dattijo kuma ya koma gonarsa ya kwanto nasa shanun. Haka ake yi tun muna yara. Amalanke yana da doguwar sanda ta ƙarfe da ke shiga tsakanin shanu ta kama karkiya, wato itacen da ke kan wuyansu, a bakin sandar kuma akwai zobe. In kaya ya kafe sai a kawo wasu shanu biyu a sa su gaba, a ɗaura su a zoben nan, huɗun su sa wuya tare a hankali har ya fito. Abin yana cin lokaci, amma ban taɓa jin ya ƙi ba.

"Yaya, wace irin wahala ce wannan?" na ce. "Ga mota can a gaɓa. A sa ta inda za a sa shanun, yanzu-yanzu an gama."

"Malam, ba su saba da ƙarar mota ba," ya ce a hankali, yadda ni kaɗai zan ji. "Bari dai mu rage kayan, mu kwance su, sannan ka ja."

Ni kuwa da ƙarfi na amsa, yadda kowa zai ji. Na ce in aka tsaya sauke kaya da kwance shanu yamma za ta yi mana a nan. Na ce injin da ke cikin motar can shanu ashirin ba su kai shi ba, a bar su ma a ɗaure su ƙara nasu ƙarfin. Na haɗa da 'yar dariya. Biyu daga cikin mutanen suka ce gaskiya ne, mota ai mota ce.

Nan ne wurin da na fi jin nauyinsa in na tuna. Na san yayana. Ba zai taɓa ƙaryata ni a gaban mutane ba. Shi ya yi noma aka yi karatun nan, kuma a wurinsa in ya nuna Malam bai san abin da yake faɗa ba, kansa ya tozarta da gidanmu duka. Da na ja shi gefe mun yi magana mu biyu, da ya ce mini a'a sau ɗaya kuma shi ke nan. Na san haka, shi ya sa ban ja shi gefen ba. Ya dubi dattijo, dattijo ya dubi ƙasa, don a wurinmu bare ba ya tsoma baki tsakanin wa da ƙane a kan dukiyarsu sai an tambaye shi, kuma ba wanda ya tambaye shi.

"To," in ji Yaya. "Amma ka ja sannu. In na ce tsaya, ka tsaya."

Na koma gaɓa na hau mota. Maganar rage iska ta faɗo mini a rai sarai, amma na hango kaina a tsugune gaban mutane ina tsokanar taya da tsinke, na ce ba sai an yi ba. Na juya ta na shiga yashin da baya har gaban shanun. Farin ya fara ja da baya yana hura hanci, Yaya ya dafa masa goshi yana yi masa magana. Da hannuna na ɗaura sarƙar, baki ɗaya a ƙugiyar bayan mota, ɗayan a zoben sanda. Na shiga na rufe ƙofa. Gilashi a rufe yake saboda na'urar sanyi tana aiki, kuma ko a raina ban kawo in sauke shi ba.

Da fari na ja a hankali kamar yadda ya ce. Sarƙa ta miƙe, motar ta yi nishi, sai tayoyi suka fara juyawa a wuri ɗaya suna watsa yashi baya a fuskar shanun. Amalanke bai motsa ba. Na ƙara totur, na ji bayan motar yana zama ƙasa. Ta gefen ido ina ganin mutanen sun jeru suna kallo, har da waɗanda suka ce mota ai mota ce. Zufa ta karyo mini a cikin sanyin nan.

Sai na tuna abin da na taɓa ganin direbobin boda suna yi in wata ta kafe. Mai ja yakan ɗan koma baya igiya ta saki, sannan ya taho da ƙarfi ya fizga. Da idona na ga yana aiki. Abin da ban tsaya na tuna ba shi ne da igiya suke yi, kuma mota suke fizga, ba wuyan dabba ba. Na sa ribas na koma kamar taku uku, sarƙa ta kwanta a ƙasa, na sa giya na taka totur har ƙasa.

Fizgar ta jefa ni gaba, sitiyari ya bugi ƙirjina. Na ji wani abu ya ba da kai a baya, na ce a raina ya fito, na ci gaba da takawa. Sai da na ɗaga ido ga madubi na ga Yaya a tsakanin motar da shanun, hannayensa biyu a sama, bakinsa a buɗe. Ban san tun yaushe yake cewa in tsaya ba.

Na kashe mota na fito. Jan bajimin yana tsaye yana rawar jiki, karkiya ta karkace a wuyansa. Farin yana durƙushe, haɓarsa a ƙasa. Garin ja da bayan da yake yi ƙafarsa ta gaba ta nutse a jiƙaƙƙen yashin har gwiwa, da fizgar ta zo sai jikinsa ya taho gaba, ƙafar ta tsaya inda take. Bai yi kuka ba, numfashi kawai yake fitarwa da ƙarfi, yashi yana tashi a gaban hancinsa. Amalanken kuwa yana nan inda yake, bai matsa ko kamu ɗaya ba.

Yaya ya kwance masa igiyar wuya, ya durƙusa ya riƙa tone yashin da hannu har ƙafar ta fito. Ya bi ta da yatsu daga kofato zuwa sama, da ya wuce gwiwa sai ya tsaya. Ya matsa wa dattijo shi ma ya taɓa. Dattijo ya daɗe yana lalube, sannan ya ce, "Bisa gwiwa ta. Wagga ba ta ɗoruwa."

Ba wanda ya dube ni. Da wani ya zage ni a lokacin, ko ya tofa mini miyau, da na ji sauƙi. Kowa ya sami wani wurin da zai ajiye idonsa.

Yaya ya tashi ya kwance jan, ya kai shi bayan wasu geza a gaɓa ya ɗaure, inda ba zai ga abin da za a yi ba. Ya dawo ya ce a ba shi wuƙa. Aka ba shi, ya riƙe ta ɗan lokaci, sannan ya miƙa wa dattijo ya ce, "Baba, yi mani." Aka juya farin ya fuskanci alƙibla. Yaya ne ya riƙe kan, yana shafa masa tsakanin ƙaho yana cewa sannu, sannu, har aka gama. Ina tsaye da makullin mota a hannu ban san inda zan sa shi ba.

"Yaya," na ce. Iyakar abin da ya fito ke nan.

"Kwananshi ya ƙare, Malam," ya ce, bai ɗago ba.

Ɗaya daga cikin mutanen ya hau babur ya je ɗauko mahauci, dattijo kuma ya ce zai tafi ya kwanto shanunsa. Kafin ya tafi na ga ya kwance sarƙar da kansa, ya naɗe ta, ya buɗe bayan motata ya jefa ta ciki ya rufe. Ban gane dalili ba sai da mahauci ya iso da mutane a bayansa, don labari ya riga ya shiga gari. Ana ta salati ana tambayar yadda aka yi.

"Ƙahwatai ta zurma," in ji Yaya. "Yaj ja da ƙarhi shi hiddo ta, tak karye. Malam ya zo taimako, shi ma tashi ta kahe."

Mutum biyar ɗin da suka ga komai ba wanda ya ce uffan. Aka riƙa yi wa Yaya jaje, wasu har da ni suke yi wa sannu da ƙoƙari. Ina da baki, ba wanda ya riƙe mini shi. Kalma kaɗan ce, in ce ni ne, ni na fizga. Na buɗe bakin na ce yauwa, yauwa, na gode. Har yau a gidanmu haka labarin yake, kuma Inna in ta tuna ranar takan ce Allah ya taimaka motar Malam tana kusa, da naman ma ya lalace. Ina jinta, ban taɓa gyara mata ba. Daga baya na sayo wa Yaya wani maraƙi, ya karɓa ya yi godiya, amma maraƙi ba ya huɗa sai an daɗe ana horonsa, kuma daminar da ta biyo baya da garmar hannu shi da 'ya'yansa suka yi noma.

Dattijo ya iso da shanunsa da amalankensa. Aka sauke dammunan aka kai su gaɓa a ka aka loda a nasa, amalanken Yaya kuma da ya zama babu kaya mutane suka ɗaga shi da hannu suka fitar. Duk aikin bai kai rabin lokacin da na yi ta tsoratar da su da shi ba. Mahauci ya feɗe ya sassara, sai aka zo kan tambayar da me za a kai naman gari da wuri, idanu suka juyo kan motata. Aka kwantar da kujerun baya, aka shimfiɗa buhuna, aka loda shi a ciki har da kai da fata.

Saura amalanken Yaya. Ba a barin ƙarfe ya kwana a daji, da safe ko sawunsa ba za a samu ba. Shanun dattijo suna ƙarƙashin lodin gero, ba za a ƙara musu ba, kuma bajimi ɗaya ba ya jan abin da aka yi don biyu, karkiyar za ta faɗi gefe. Wani ya ce in an fitar da mota sai a ɗaura amalanken a bayanta. Yaya ya ce a'a. Karo na farko ke nan da ya faɗi kalmar a ranar, kuma ba ni ya duba ba.

Ya je ya kwanto jan, ya sa shi a gefensa na karkiya ya ɗaure. Sannan ya tuɓe rigarsa ya naɗe ta gammo, ya ɗora a kafaɗa, ya sunkuya ya shiga ƙarƙashin ɗaya gefen, inda farin yake tsayawa. Ya fi bajimin tsawo, dole sai da ya ranƙwafa kafin itacen ya daidaita.

Na taho da sauri na ce, "Yaya, don Allah bari ni in ɗauka."

"Bai san ka ba, Malam. Ba ya tahiya kusa da kai." Ya gyara gammon. "Kai dai kai naman gida tun da sauran rana."

Ba da gatse ya faɗa ba, gaskiya ce kawai. Ya yi wa jan 'yar ƙara da harshe, suka ɗaga tare, suka hau gaɓa suka miƙe.

Motata tana zaune a kan cikinta. Dattijo ya karyo tsinke, ya tsuguna ya bi tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana sakin iska har suka baje. Aka tone gabansu da hannu aka shimfiɗa karan gero. Ya ce in sauke gilashi don in ji magana, in kuma taka kaɗan-kaɗan. Mutum shida suka sa kafaɗa, ta hau karan ta fito ba tare da ko gurnani ba.

Hanyar gida daga gulbi siririya ce, sawun amalanke ne kawai tsakanin gonakin dawa da ba a kai ga yankewa ba. Mahauci yana zaune a gefena, ƙarnin nama ya cika motar. Ba mu yi nisa ba na cim musu. Daga baya abin da nake gani shi ne amalanke babu kaya yana tangaɗi, da gindin jan bajimin, da bayan yayana babu riga, zufa tana bin tsakiyarsa. Ban taɓa lura ƙeyarsa ta yi furfura haka ba. Takunsu ɗaya, in bajimin ya rage shi ma ya rage. Lokaci-lokaci jan yakan juyo da kai gefen yana shinshina, Yaya ya yi masa magana su ci gaba.

Na rage gudu har motar tana neman mutuwa. Mahauci ya ce in yi musu oda, rana tana tafiya, na ce a'a. Da za a bar ni da na bi su a haka har gida. Amma ƙarar injin ta riga ta isa kunnensa. Bai iya waiwayowa ba saboda itacen da ke kafaɗarsa. Ya dai yi wa jan magana, suka karkata a hankali suka kutsa cikin dawar mutane har taya ɗaya ta hau gona, suka tsaya suka ba ni hanya.

Da na zo daidai da shi ya saki hannu ɗaya daga karkiyar ya ɗaga mini, yadda mutanen ƙauyenmu ke ɗaga wa kowace babbar mota hannu in ta zo wucewa. Na wuce.